Simfoni, konceto, sonata: me ya sa sunayen kiɗan Turawan nan suke rikita mutum?

Akwai wani kiɗa da kusan kowa ya taɓa ji ko da bai san mai shi ba, wanda yake farawa da bugu huɗu, uku gajeru ɗaya dogo, ta-ta-ta-taaa, a talla zaka ji shi, a katun ɗin yara ma zaka ji shi. To ka shiga YouTube ka nemo shi kaga yadda aka rubuta sunansa: Beethoven, Symphony No. 5 in C minor, Op. 67: I. Allegro con brio. Wai sunan kenan fa. Babu kirari babu sunan masoyiya, sai lambobi da haruffa da Italiyanci. Mutane da yawa daga nan suke juyawa suce abin na manyan 'yan boko ne, alhali duk wani ɗigo da ke cikin layin nan akwai tambayar da yake amsawa, kuma ni a ganina rikicin duk daga wuri ɗaya yake tasowa, mutum sai ya ɗauka simfoni da barok da opera da okestira duk 'yan ɗaki ɗaya ne da za a jera su a layi a ce zaɓi wanda kake so. Ba haka bane sam. Wani sunan zamani yake gaya maka, wani yawan makaɗa da kayan da ke hannunsu, wani yadda aka gina kiɗan, wani kuma inda ake yinsa da dalilin yinsa.

Mu ma ai haka muke yi, lura ce dai bamu yi ba. In kace kiɗan taushi ko kiɗan kalangu, kayan kiɗa ka ambata. In kace kiɗan fada, wuri da ubangida ka ambata. In kace kiɗan noma ko na 'yan dambe, aikin da kiɗan yake yi ka faɗa. Kuma waƙa ɗaya tana iya zama ta taushi kuma ta fada a lokaci guda ba wanda zai ce sunayen sun ci karo. Haka nasu yake, sai dai su nasu ya daɗe a rubuce, masu buga takardu da masu sharhi da malaman makaranta kowa ya zo ya liƙa nasa sunan a kai.

Uwar rikicin ita ce kalmar klasika ɗin kanta, don ma'ana biyu gareta. A bakin gama-garin mutane, duk kiɗan Turai da aka rubuta a takarda da alamomi, mai tsarawa daban masu kaɗawa daban, tun daga waƙoƙin coci na shekaru dubu da suka wuce har wanda wani ya rubuta bara, duk klasika ne. Amma a bakin masana, zamanin Klasika ɗan guntun lokaci ne, daga wajen 1750 zuwa wajen 1820, zamanin Haydn da Mozart da Beethoven, cibiyarsa kuma birnin Biyena na Ostiriya. Kafin shi akwai Barok, daga wajen 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach ya mutu, nan su Vivaldi da Handel suke. Bayansa sai Romantik wanda ya cinye kusan duk ƙarni na 19, su Chopin da Brahms da Tchaikovsky da Wagner, kuma ba soyayya ake nufi ba fa, ana nufin zamanin da mai kiɗa ya daina damuwa da daidaito da ladabi ya koma zubo abin da ke ransa, fushi ne ko tsoro ko kishin ƙasa. Kaga kenan za a iya ce maka Bach klasika ne kuma ba Klasika bane, duka biyun gaskiya. Shi Bach ɗin har ya koma ga mahaliccinsa bai taɓa jin wai shi ɗan Barok bane, daga baya aka raɗa, asali ma kalmar ta kushe ce, ana faɗinta ga abin da ado ya yi masa yawa har ya karkace.

Sai okestira. Wannan ba nau'in kiɗa bane, taron makaɗa ne, yau in cikakke ne zaka samu mutum 80 zuwa 100. Gida huɗu ne a ciki: masu tsirkiya, wato biyolin da biyola da celo da babban bas, su ne mafi yawa kuma su ke gaba, sai masu busa irin sarewa da obo da kilarinet, sai masu busa ƙarfe irin begila da turombon, sai masu ganguna a can baya, ga jagora a tsaye da 'yar sandarsa. Duk kiɗan da wannan taron ya yi sunansa kiɗan okestira, amma ba lallai ya zama klasika ba, kiɗan da John Williams ko Hans Zimmer suke yi wa finafinan Amurka okestira ce take kaɗa shi, kuma har gobe ana musu a kan wane shago za a ajiye shi. Haka kuma ba duk klasika bane na okestira. Ƙarar wayar Nokia ɗin nan da muka taso da ita, guntu ne aka yanko daga Gran Vals na Francisco Tárrega ɗan Sifen, wanda ya rubuta a 1902, jita ɗaya tal, kuma klasika ne cikakke.

Wani abin da yake sa mutane zufa a banza shi ne bambancin okestirar simfoni da ta filhamonik. Babu wani bambanci wallahi, kayan kiɗa ɗaya, yawan mutane ɗaya, abin da suke kaɗawa ɗaya. In gari yana da ƙungiya fiye da ɗaya dole kowa ya nemi suna, shi ya sa a Landan kaɗai akwai London Symphony Orchestra ta 1904, da London Philharmonic ta 1932, da Philharmonia ta 1945, da Royal Philharmonic ta 1946. Inda akwai bambanci na gaske shi ne abin da suke kira kiɗan ɗaki, cemba, wanda mutum biyu zuwa takwas ko tara suke yi, kowa da layinsa shi kaɗai ba mai tayashi, ba jagora, da ido da numfashi suke haɗa kai. Sarkin wannan fanni shi ne kwatet na tsirkiya, biyolin biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya. Kuma ka lura, kwatet sunan mutum huɗun ne kuma sunan kiɗan da aka rubuta musu ne.

Yanzu simfoni. Dogon kiɗa ne na okestira gaba ɗayanta ba tare da an ware wani gwani a gaba ba, kuma an raba shi zango-zango, yawanci huɗu, ana ɗan tsayawa tsakaninsu. Na farko mai sauri da nauyi, na biyu a hankali, na uku da salon rawa, na huɗu a guje a rufe taro. Wannan "I." da ka gani a sunan can na nufin zango na ɗaya ne kawai kake ji, minti bakwai cikin abin da ya haura rabin awa, Allegro con brio kuma umarni ne ga makaɗa, a yi sauri da kuzari. Adagio a hankali, Andante tafiyar ƙafa, Presto gudu, duk da Italiyanci saboda Italiyawa ne suka riƙe kasuwar lokacin da ake kafa al'adar rubuta waɗannan abubuwa, har Bajamushe da Barashe suka bi.

Ka duba lissafin nan: Haydn simfoni 104 masu lamba, Mozart 41, Beethoven 9 kacal. Ba lalaci bane ya kama Beethoven, ma'anar kalmar ce ta canja a hannunsu. Haydn ma'aikacin gidan sarauta ne, ya shiga hidimar gidan Esterházy a 1761 ya yi kusan shekara talatin, da yunifom ɗinsa, makaɗansa basu wuce ashirin da 'yan kai ba, yarima na son sabon kiɗa don baƙi sai a zauna a rubuta. Akwai ma labarin simfoninsa na 45 a 1772, yarima Nikolaus ya daɗe a gidansa na hutu a Hangari ya ƙi komawa gari, makaɗa duk sun bar matansu a gida sun gaji, ba mai iya tunkararsa, sai Haydn ya tsara zangon ƙarshe ta yadda kowane makaɗi in ya gama layinsa zai hure kyandir ɗinsa ya fice, ɗaya bayan ɗaya har ya rage masu biyolin biyu. Ance yarima ya gane saƙon aka haɗa kaya. Zuwa lokacin Beethoven kuwa simfoni ya fita daga falon sarakuna ya koma zauren da jama'a ke sayen tikiti, ya zama wurin da mai kiɗa ke nuna iyakar basirarsa, kowane ɗaya sai ya ci shekaru. A na tara da aka fara kaɗawa a Biyena ran 7 ga Mayu 1824, lokacin kunnensa ya riga ya mutu, sai ya shigo da mawaƙa a zangon ƙarshe, abin da ba a saba ba a simfoni, kuma wannan waƙar ce yau take taken Tarayyar Turai. Tun kafin nan ma ƙofa ta fara buɗewa, na shidansa zango biyar ne, na Schubert da ake kira wanda ba a gama ba zango biyu ne cikakku, Mahler kuma a 1910 a Munik ya tara mutum wajen dubu a kan dandamali don na takwas ɗinsa. Duk sunansu simfoni.

Konceto ya fi sauƙin ganewa da ido, in kaga mutum ɗaya a gaba da biyolin ko piyano, okestira na bayansa suna ba shi yana ba su, wani lokaci kamar hira wani lokaci kamar kokawa, to shi ne. Zango uku yawanci, sauri, sannu, sauri. Vivaldi, wani limamin coci a Benis da yake koyar da 'yan mata marayu a gidan Pietà, ya rubuta wajen 500, kuma shahararren aikinsa na yanayi huɗu na shekara da aka buga a 1725 ba kiɗa ɗaya bane, konceto huɗu ne kowanne da zango uku. Wurin da nafi so a konceto shi ne kadenza, inda okestira take yin tsit a bar gwanin shi kaɗai ya baje kolinsa. A da nan take yake ƙirƙira, amma masu tsarawa suka gaji da 'yan burga masu ɓata musu aiki, Beethoven a konceton piyano na biyar rubutawa ya yi ƙarara cewa kar a yi kadenza a nan, a kaɗa abin da ya rubuta a wuce. Nan ma akwai masu karya doka, Lalo ya kira nasa Symphonie espagnole, wato simfonin Sifen, alhali konceton biyolin ne, Bartók kuma a 1943 ya rubuta konceto na okestira wanda babu gwani ɗaya a gaba, kowane sashe ake ba shi lokacinsa.

Sonata kam ita ce mai wahalar, don suna ɗaya ne a kan abu biyu. Asali abin da ake kaɗawa ne da kaya, kishiyar kantata wadda ake rerawa da baki, shikenan. Shi ya sa Scarlatti yake da sonata 555 kusan duk gajeru masu zango ɗaya. Daga baya ta zama kiɗan mutum ɗaya ko biyu mai zango uku ko huɗu, irin 32 ɗin da Beethoven ya yi wa piyano. To sai ga kuma abin da ake kira tsarin sonata, wanda shi ba nau'in kiɗa bane, tsarin gina zango ɗaya ne. Ga yadda yake: a farko a gabatar maka da karin sauti biyu masu hali daban, ɗaya a gida ɗaya a wani mazaunin sauti na daban, sau da yawa a maimaita don su zauna maka a kunne. Sai a shiga tsakiya inda ake yayyanka su, a juya su, a kai su wuraren da baka zata ba, hankali ya tashi. Sai a dawo da su kamar farko amma yanzu duka biyun a gida ɗaya, rigima ta mutu. Wannan gidan shi ne C minor ɗin da ka gani a suna, sautin da kiɗan ya ɗauka a matsayin mazauni, maina yakan zo da duhu da nauyi, meja da haske, kuma na biyar ɗin Beethoven ya fara a C maina ya ƙare a C meja, rabin daɗinsa kenan. Abin da zai baka mamaki, zangon farko na yawancin simfoni da konceto da kwatet na wancan zamani duk da tsarin sonata aka gina su, wato in ka bi ta ƙasa simfoni sonata ce ta okestira, kwatet sonata ce ta mutum huɗu. Sannan ƙa'idar kanta a ƙarni na 19 malamai irin su Adolf Bernhard Marx suka zauna suka tsara ta a littafi, bayan Haydn da Mozart da Beethoven duk sun mutu. Su aiki suka yi, wasu suka zo suka ciro doka daga aikin, shi ya sa in ka ɗauki dokar ka auna su da ita sai kaga kullum suna saɓa mata.

Ɓangaren murya ba sai an daɗe ba. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi, da kaya da ado da dandamali, L'Orfeo na Monteverdi na 1607 yana cikin na farko-farko da har yau ake yi. Oratoriyo kusan abu ɗaya ne amma ba shiga ba wasa, a tsaye ake rerawa, labarin kuma yawanci na addini ne. Handel, Bajamushen da ya zauna a Landan, ya koma oratoriyo da Turanci ne lokacin da operar Italiyanci ta daina kawo kuɗi, ga tsadar mawaƙa ga tsadar kayan dandamali, Messiah ɗinsa a Dublin aka fara yinsa a 1742. Kantata ta fi gajarta, Bach ya bar wajen 200 mafi yawa don ibadar Lahadi a Laifzig. Rikwiyem kuma na addu'ar mamaci ne a cocin Katolika, Mozart yana cikin rubuta nasa ya mutu a 1791 yana da shekara 35, ɗalibinsa Süssmayr ya ƙarasa. 'Yan gidan kallon ƙwallo kuma ga naku, taken Champions League da ke sa tsikar jiki tashi, Tony Britten ne ya tsara shi a 1992 a kan Zadok the Priest na Handel, waƙar naɗin sarauta da aka yi wa Sarki George na biyu a 1727, kuma tun daga lokacin duk naɗin sarkin Ingila sai an rera ta, har na Charles a 2023.

Akwai wasu sunaye da suka bar gidansu na asali. Obaca kiɗan buɗe fage ne kafin a ɗaga labulen opera, amma ta 1812 ta Tchaikovsky, wadda ya rubuta a 1880 don tuna yadda Rasha ta kori Napoleon har da harba igwa a ciki, babu wata opera a bayanta, ita kaɗai take tsaye. Suwit jerin gajerun kiɗa ne, a zamanin Bach na raye-raye, daga baya kuma zaɓaɓɓun wurare daga wani dogon aiki. Da wannan sunan Fela Sowande, haifaffen Abekuta, ya fitar da African Suite a 1944, ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya ba masu tsirkiya, kuma suwit ya dace da shi don ba ta tilasta maka tsarin sonata, jerawa kawai kake yi. Sai waƙar simfoni da Liszt ya raɗa wa suna, zango ɗaya ne na okestira da ke ba da labari ko zana hoto ba tare da kalma ba, kamar Vltava na Smetana da ke bin kogin ƙasar Cek daga mafari har ya ratsa Prag. A ƙarni na 19 an yi rigima sosai a kan wannan, ɓangaren su Brahms na ganin kiɗa ya isa da kansa ba sai an jingina shi da labari ba, ɓangaren Liszt da Wagner na ganin tsohon tsari ya ƙare. Ni dai ina ganin duka ɓangarorin sun yi ƙari, don mai sauraro ko an ba shi labari ko ba a ba shi ba sai ya ƙirƙiri nasa.

Lambobin fa? Op. gajarta opus ne, lambar aiki, amma yawanci tana bin lokacin da aka buga ne ba lokacin da aka rubuta ba, shi ya sa konceton piyano na biyu na Beethoven ya girmi na ɗaya. Für Elise da ake sawa a ƙararrawar ƙofa da kayan wasan yara ba ta da opus ma, sai a 1867 aka buga ta, shekara 40 bayan mutuwarsa, lambarta WoO 59, wato aikin da ba shi da lambar opus. Mozart K. ake sa masa, daga Köchel, wani masanin tsirrai da duwatsu da ya jera ayyukansa a 1862, rikwiyem ɗin can shi ne K. 626. Bach kuma BWV, jerin da wani masani Schmieder ya yi a 1950, wanda ya bi nau'i ba shekara ba, don haka ƙaramar lamba ba ta nufin aikin ƙuruciya. Simfonin Dvořák na sabuwar duniya da aka fara a New York a 1893 ya daɗe ana kiransa na biyar kafin a dawo da huɗun farko da ba a buga ba yana raye ya koma na tara. Laƙabobin ma ka yi hattara da su, sonatar hasken wata ba Beethoven ne ya sa mata ba, wani mai sharhi Rellstab ne ya kwatanta ta da hasken wata a kan tafki, yanzu kowa da wata yake jinta alhali zangonta na ƙarshe guguwa ce.

Manhajojin sauraron kiɗa sun ƙara dagula lamarin, don an gina su ne a kan mawaƙi, waƙa, album. To a nan waye mawaƙin, Beethoven da ya mutu a 1827, ko jagoran, ko okestirar Balin, ko mai piyanon? Ga shi suna yanka simfoni gida huɗu su kira kowane zango waƙa, in ka kunna shafal, wato manhajar ta cakuɗa jerin, sai zangon makoki ya faɗo maka bayan na rawa daga wani aikin daban. Abin ya kai Apple ta sayi manhajar kiɗan klasika ta Primephonic a 2021 ta fitar da manhaja ta musamman, Apple Music Classical, a Maris 2023. Kuma sunan mai kaɗawa ba ƙaramin abu bane, don takarda ɗaya ce amma hannu daban. Glenn Gould ɗan Kanada ya ɗauki Goldberg Variations na Bach, BWV 988, sau biyu a situdiyo, na 1955 bai kai minti 40 ba, na 1981 ya haura minti 50, mutum ɗaya, aiki ɗaya, kuma har yau masoyansa sun rabu biyu a kan wanne ya fi.